Guguwar Rana da Wutar Lantarki: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Da zarar masana sun yi gargaɗin guguwar rana, sai saƙonni su cika WhatsApp cewa duniya za ta faɗa duhu, wayoyi za su ƙone. Maganar akwai tsaba a cikinta, akwai tsakuwa.

Gaskiya ne guguwar tana iya ɗauke wutar yanki guda. Rana kan feso burbushi masu caji, su iso duniya cikin kwana ɗaya zuwa uku, su girgiza maganaɗisunta. Girgizar ce ke cusa baƙuwar wuta a dogayen layukan lantarki, ta kwarara cikin manyan taransifoma, ta gasa su. Ranar 13 ga Maris 1989, wutar lardin Kebek na Kanada ta durƙushe cikin ƙasa da minti biyu. Mutum miliyan 6 suka yi awa 9 babu wuta ga tsananin sanyi, masana'antu suka tsaya cik.

Gaskiya ne kuma asarar tana da nauyi. Babbar taransifoma ba a ɗauko ta a kanti, oda ake bayarwa, a jira shekara ko fiye. Guguwar Oktoba 2003 ta lalata wa kamfanin Eskom na Afirka ta Kudu taransifoma da dama. A 2013 kasuwar inshora ta Lloyd's ta ƙiyasta cewa babbar guguwa irin wadda aka yi a 1859 za ta iya jawo wa Amurka asarar dala tiriliyan 0.6 zuwa 2.6.

Amma ƙarya ne a ce wayar hannu ko solar da ke kan rufin gida za ta ƙone. Baƙuwar wutar sai ta sami layi mai tsawon kilomita da yawa take taruwa.

Ƙarya ne kuma cewa guguwar rana ce ta jefa Sifen da Fotugal cikin duhu ranar 28 ga Afrilu 2025. Binciken gwamnatin Sifen ya ɗora laifin kan hauhawar ƙarfin wuta a layukan.

Haka ma batun cewa guguwar rana ba ta da rigakafi. A Mayu 2024 an yi guguwa mafi ƙarfi tun 2003, kamfanin Transpower na Niyu Zilan ya kashe wasu layuka da gangan, wuta ba ta ɗauke ba.

Don haka idan babban layin wutar Najeriya ya faɗi, kafin a zargi guguwar rana, a nemi dalili a tsufan kayan aiki, ƙarancin gas da ɓarnar turakun wuta. Mai karatu, ka tantance saƙo kafin ka tura shi.