Tsara labarin kimiyya irin na fim a wasan kwaikwayo na kan tebur

Tsara labarin kimiyya irin na fim wani salo ne na rubuta labarin da za a buga a wasan kwaikwayo na kan tebur. A irin wannan wasa mutane uku zuwa shida ne ke zama, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya yana faɗin abin da jaruminsa zai yi, mutum ɗaya kuma ya zama jagoran wasa, shi ke bayyana wuri da abokan gaba da sakamakon kowane mataki. Idan ana shakkar ko abu zai yiwu, sai a jefa dayis, wato ƙwayar nan mai fuska shida irin ta wasan lido. Ana cewa labari "irin na fim" ne idan gajere ne, mai sauri, wanda ake gamawa a zama ɗaya ko kaɗan, kuma aka kasa shi fitowa-fitowa kamar yadda ake yi a sinima.

Tarihi

Wasan kwaikwayo na kan tebur ya fara yaɗuwa ne a shekarar 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. A 1976 James M. Ward ya rubuta Metamorphosis Alpha, wanda labarinsa ke faruwa cikin wani ƙaton kumbo da ya ɓace hanya. A 1977 Marc Miller ya fitar da Traveller a ƙananan littattafai uku, wasan da ya yi suna saboda jarumi na iya mutuwa tun ana cikin ƙirƙirarsa.

Salon fim ya fito fili a 1987 da kamfanin West End Games ya buga wasan Star Wars, wanda Greg Costikyan ya tsara. Littattafan wasan sun shawarci jagora ya buɗe labari a tsakiyar rikici, kuma wani lokaci ya karanta wa 'yan wasa gajeriyar fitowa da ke nuna abin da mugu ke ƙullawa a wani wuri. A 2019 kamfanin Free League na ƙasar Suwidin ya fitar da wasan Alien, bisa fim ɗin Ridley Scott na 1979, inda ya raba wasa gida biyu: dogon labari mai ɗaukar watanni, da kuma gajeren labari irin na fim.

Ginin labari

Yawancin masu tsarawa suna kasa labarin kashi uku, tsarin da Syd Field ya yaɗa a littafinsa na koyar da rubutun fim na 1979. A kashi na ɗaya ana gabatar da jarumai da aikin da ya kawo su da alamar farko ta haɗari. A kashi na biyu matsala tana girma, a gano cewa abin da aka zata da fari ba shi ne gaskiya ba. A kashi na uku hanyoyin tsira suna raguwa har a kai ga zaɓi na ƙarshe.

Misali, ma'aikatan kumbon dakon kaya su biyar sun ji kiran neman agaji daga wata tashar haƙar ma'adinai. Sun sauka sun tarar ba kowa, wannan kashi na ɗaya ke nan. Daga baya suka gano kamfaninsu ya san da wata cuta a tashar kuma da gangan ya turo su. A ƙarshe iskar shaƙa ta kusa ƙarewa, ƙaramin kumbon tserewa kuma mutum uku kawai yake ɗauka. Ba a rubuta wanda zai shiga ba. 'Yan wasa ne za su yanke.

Jarumai da manufofinsu

A gajeren labari, marubuci ne kan shirya jarumai tun kafin zama, domin kowanne ya dace da rikicin: matuƙi, injiniya, likita, wakilin kamfani. A wasan Alien ana ba kowane ɗan wasa katin manufa ta sirri, kuma manufar tana sauyawa a kowane kashi. Wani yana son ceton abokinsa, wani yana son kai samfurin baƙuwar halitta ga kamfani ko da za a rasa rayuka. Wannan yana sa rikici ya taso daga cikin tawagar, ba daga dodo kaɗai ba. Tun da labarin gajere ne, mutuwar jarumi ba asara ba ce babba. Akan ajiye wasu mutanen labari da ɗan wasa zai ɗauka ya ci gaba.

Dayis da lissafi

Mai tsara labari yana bukatar sanin yawan yiwuwar nasara kafin ya ɗora fitowa a kan jifa ɗaya. A Traveller ana jefa dayis biyu, galibi ana neman jimlar 8 ko fiye. Cikin hanyoyi 36 da dayis biyu ke iya faɗuwa, 15 ne ke ba da haka, wato kusan kashi 42 cikin 100 idan ba a ƙara makin ƙwarewa ba. A Alien ana jefa dayis da yawa, kuma 6 guda ɗaya ta isa nasara: da dayis huɗu yiwuwar tana kusan kashi 52 cikin 100, da shida kuma kusan kashi 67. Wanda ya faɗi zai iya sake jifa, amma sai damuwar jaruminsa ta ƙaru da maki ɗaya. Kowane makin damuwa yana ƙara masa dayis, sai dai idan ɗayansu ya nuna 1, jarumin na iya firgita ya daskare ko ya gudu. Ta haka ƙa'idar wasa da kanta ke haifar da tashin hankalin da ake gani a fim.

Matsaloli

Babbar matsalar salon ita ce fim yana da ƙarshe guda da aka riga aka rubuta, shi kuwa wasa ba ya daɗi sai 'yan wasa na da zaɓi na gaske. Jagoran da ya nace sai an bi fitowa kamar yadda ya tsara yakan mai da abokan wasansa 'yan kallo, kamar fasinjojin jirgin ƙasa da ba su da ikon sauya hanya. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne a rubuta wurare da mutane da abubuwan da ka iya faruwa, a bar jerinsu a hannun masu wasa. Matsala ta biyu ita ce labari ya tsaya cik saboda an kasa gano wata alama. Justin Alexander ya ba da shawara a 2008 cewa duk gaskiyar da ake so a gano, a ajiye mata alamu aƙalla uku a wurare daban-daban.

Dangantaka da adabin Hausa

Kayan ginin irin wannan labari ba baƙi ba ne a adabin Hausa. Marubuta biyu da suka yi koyarwa a birnin Katsina sun yi fice a gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya daga Zariya: Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, labarin doguwar tafiya neman ruwan magani, da yayansa Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, da Ganɗoki, inda jarumi ya bar yaƙi da Turawa ya shiga duniyar aljanu. Dukansu an gina su ne tasha-tasha, kowace da nata haɗari, kamar fitowar wasan tebur. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro da aka tafi da shi sararin samaniya, wanda ake lissafawa cikin ƙagaggun labaran kimiyya na farko da Hausa. Bambancin kawai shi ne a littafi da tatsuniya mai ba da labari ne ke riƙe da ƙarshe, a wasan tebur kuwa masu sauraro ne ke taya shi yanke yadda za ta kaya.