GARGAƊI: A Gwada Kaki a Na'ura Kafin a Fara Maganin Tarin Fuka

Jama'a, a yi hattara! Akwai nau'in tarin fuka da ba ya jin maganin da aka saba bayarwa, kuma yana nan cikinmu. Najeriya na cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan nau'in ya yi wa katutu. A 2023 kimanin mutum 400,000 suka kamu da shi a duniya, amma biyu cikin biyar kacal suka samu magani.

Ɗan sauyi a ƙwayoyin halittar ƙwayar cutar shi ke jawo haka. In ya faru a gurbin da masana ke kira rpoB, maganin rifampicin ya tashi aiki. In a katG ko inhA ne, isoniazid ma ya bi sahu. Waɗannan biyu kuwa su ne ginshiƙin maganin wata shida da aka saba bayarwa. Wanda ya ajiye magani saboda ya ji sauƙi, raunanan ƙwayoyin kawai ya kashe. Masu taurin kai za su hayayyafa, ya kuma yaɗa su ga iyalinsa, ko da ba su taɓa shan magani ba.

Madubin duba ƙwayoyin cuta yana iya ganin ƙwayar, amma ba ya ganin sauyin. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar ta amince da ita a 2010, ita ke gano shi. Za a ba ka ɗan kofi mai murfi ka tofa kakin da ka kakaro daga ƙirji, ba yawu ba. Cikin kimanin awa biyu na'urar za ta nuna ko akwai cutar, da kuma ko tana jin rifampicin.

Don haka:

Duk mai tarin da ya kai mako biyu, musamman da zufar dare, rama ko jini a kaki, ya garzaya asibitin gwamnati. Gwaji da magani kyauta ne.

Wanda tari ya dawo masa bayan ya gama magani, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya, a sake gwada shi.

Kada a sayi maganin tarin fuka a kemis, kada a karɓi ragowar na wani.

In fitsari ya koma ja-ja bayan shan rifampicin, aikin maganin ne, kada a daina sha.

In an samu cutar a gida, a kai kowa gwaji, har yara.

Ko sakamako ya nuna cutar ba ta jin magani, ana warkewa. Tun 2022 Hukumar ta amince da haɗin ƙwayoyi na wata shida, ba allura. A Najeriya, a kira 3340 kyauta don sanin cibiyar gwaji mafi kusa. Wanda ya ji, ya sanar da wanda bai ji ba.