Me ya sa kwamfutarka ba ta barinka ka zaɓi inda caji zai tsaya?

Duk wanda ya taɓa sayen sabon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka ya san abin ba wasa ba ne. Kuɗinsa na da yawa, na asali na da wuyar samu, jabu kuma ya cika kasuwa. Shi ya sa mutane da dama suka fara bin shawarar da masu gyara ke bayarwa, cewa kada a bar batir ya riƙa cika maƙil kullum, a tsayar da cajin a kashi 80 cikin 100 ko ƙasa da haka. Sai dai idan mutum ya buɗe kwamfutarsa don ya yi hakan, nan ne takaici ke farawa. Wani ya nemi wurin saitin ya rasa. Wani ya samu, amma zaɓi ɗaya tak aka ba shi. Wani kuma kwamfutar ce ke yanke hukunci da kanta, ba ta tambaye shi ba.

Dalilin tsayar da caji

Kusan duk kwamfutocin hannu na yau suna aiki ne da batirin litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a shekarar 1991. Masana uku da suka share masa hanya, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun samu kyautar Nobel ta fannin kimiyyar sinadarai a 2019. Wannan batir yana da ƙarfi kuma ba shi da nauyi, amma yana tsufa, ko ana amfani da shi ko ba a yi.

Abubuwa biyu ne suka fi gaggauta tsufansa. Na farko, zama a cike na tsawon lokaci. Idan batir ya cika, ƙarfin lantarkin da ke cikin kowane ƙwayarsa yana kaiwa ƙololuwa, wajen bolt 4.2, a wasu sababbi ma ya ɗan haura haka. A wannan hali sinadaran ciki suna cin juna sannu a hankali, wurin ajiyar wuta yana raguwa. Na biyu shi ne zafi. Idan kuwa biyun suka haɗu, wato batir a cike cikin ɗaki mai zafi, lalacewar ta fi sauri nesa ba kusa ba. Wani lokaci har batirin ya kumbura, ya ɗaga madannai ko ya buɗe gindin kwamfutar.

Kamfanin Apple da kansa yana cewa kwamfutocinsa sun fi son zafin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyos ba, kuma idan za a ajiye na'ura na dogon lokaci a bar ta da cajin da ya kai rabi. To, wanda ke zaune a Yamai ko Injamena ko Garwa ya san a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Ke nan mu da ke wannan yanki mun fi mutanen ƙasashen sanyi buƙatar wannan saiti.

Wani abu da ya kamata a fahimta shi ne, barin kwamfuta a jone da wuta ba ya sa batir ya sha caji fiye da kima. Da zarar ya cika, kwamfutar na yanke cajin da kanta. Matsalar ita ce zaman da yake yi a kashi 100 kwana da kwanaki.

Kowane kamfani da nasa tsari

Tushen takaicin shi ne, ba manhajar Windows ce ke riƙe da linzamin caji ba. Akwai wata 'yar ƙaramar na'ura a jikin allon cikin kwamfutar, wadda ke kula da caji da fanka da madannai. Kamfanin da ya ƙera kwamfutar shi ke rubuta umarnin da wannan na'ura ke bi. Idan bai buɗe ƙofa ba, babu manhajar da za ta iya tilasta mata. Shi ya sa kwamfutoci biyu masu Windows iri ɗaya za ka ga ɗaya tana da saitin, ɗayar ba ta da shi.

A kwamfutocin ThinkPad na Lenovo, mai na'ura yana iya zaɓar adadin da caji zai fara da adadin da zai tsaya, ta cikin manhajar Lenovo Vantage. Amma a IdeaPad, waɗanda su ma na Lenovo ne, maɓalli ɗaya ne kawai, ko ka kunna ko ka kashe. A tsofaffin samfura yana tsayar da caji a wajen kashi 60, a sababbi kuma wajen kashi 80, kuma ba ka da ikon sauya adadin.

Dell ya fi sakin hannu a kwamfutocinsa na ofis irin su Latitude, inda ake iya saita farawa da tsayawa a cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. HP kuwa, a kwamfutocinsa na ofis irin su EliteBook da ProBook, ya sa zaɓin tsayawa a kashi 80 a cikin BIOS, amma da yawa daga na gida masu araha ba su da shi, ko kuma kwamfutar ce ke yin lissafinta ita kaɗai. ASUS ya daɗe yana ba da zaɓi uku a manhajar MyASUS: 100 da 80 da 60. Acer yana da 80 kawai, shi ma ba a kowane samfuri ba. Kwamfutocin Surface na Microsoft suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 50, wanda aka yi shi don na'urorin da ke zama a jone dare da rana.

Apple ya bi wata hanya daban. Tun 2020 kwamfutocin Mac ke nazarin lokutan da mai su ya saba jona caji, su dakata a kashi 80, sannan su ƙarasa cikawa dab da lokacin da suke hasashen zai cire. Shekaru da dama masu Mac da ke son tsayayyen adadi sai sun nemi manhajar waje, irin su AlDente, alhali wayar iPhone 15 da ta fito a 2023 ta zo da zaɓin tsayawa a kashi 80.

Me ya sa kamfanonin ke tsuke zaɓin? Akwai dalilai da hankali zai ɗauka. Idan mutum ya saita 60 ya manta, gobe zai koma shago yana cewa batirinsa ya lalace. Haka nan ana tallata kwamfuta ne da yawan awannin da batirinta ke yi a cike. Sannan rubuta wannan umarni da gwada shi a kan kowane samfuri aiki ne mai cin kuɗi, shi ya sa ake fifita kwamfutocin da manyan ma'aikatu ke saye da yawa. Talaka mai sayen ta gida shi ke kwana a ciki.

Inda lissafinmu ya bambanta

Tsarin da kwamfuta ke nazarin ɗabi'ar mai ita an gina shi ne a kan zaton cewa wuta na nan kullum. A garin da ba a san lokacin da za a kawo wuta ko a ɗauke ta ba, babu wata ɗabi'a da na'ura za ta koya. Tana iya dakatawa a 80 tana jiran safiya, sai a ɗauke wuta da tsakar dare.

Ga kuma lissafin awanni. A ce batirinka yana yin awa 5 idan ya cika. Idan ka tsayar a 80, ka koma awa 4. Idan kamfani ya ƙaƙaba maka 60, awa 3 ke nan. Yawancinmu kuma kwamfutocin hannu na biyu muke saye, waɗanda batirinsu ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Idan batirin ya koma yin awa 3 a cike, tsayawa a 60 zai bar ka da abin da bai kai awa 2 ba. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, ko mai shagon buga takardu, ya shiga halin gaba kura baya sayaki: ya kare batir ya rasa aiki, ko ya yi aiki batir ya mutu da wuri. Da an ba shi damar zaɓar 85 ko 90, da ya samu tsaka-tsaki. Wannan shi ne ainihin abin da masu ƙorafi ke nema.

Abin da za ka iya yi

Da farko ka san halin da batirinka ke ciki. A Windows, ka buɗe wurin rubuta umarni ka rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar maka da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage masa yanzu. Idan za ka sayi kwamfuta ta hannu, ka nemi mai shago ya yi wannan a gabanka kafin a yi ciniki.

Na biyu, ka nemi saitin a wurare biyu: manhajar kamfanin da kuma BIOS. Sau da yawa masu sayarwa suna goge kwamfuta su zuba sabuwar Windows, manhajar kamfanin ta tafi. Ana iya sake sauke ta kyauta daga shafin kamfanin. Idan kwamfutar tana da Faransanci, sunan saitin ma da Faransanci zai zo, sai ka duba sashen da ya shafi batir. Masu amfani da Linux suna da manhajar TLP, amma ita ma sai idan kwamfutar ta yarda.

Na uku, ka daidaita saitin da rayuwarka. Idan kana aiki a ofis mai sola ko janareta, kwamfuta a jone yini guda, ka kunna iyakar. Idan wuta ba ta da tabbas, ko za ka yi tafiya, ka kashe ta ka cika batir. Cikawa don a yi amfani da shi nan kusa ba ta da wata babbar illa.

Idan kwamfutarka ba ta da saitin kwata-kwata, ka mai da hankali kan zafi, domin shi yana hannunka. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko filo, inda iska ba ta shiga ta ƙasa. Kada ka bar ta cikin mota a rana. Ka sa mai gyara ya share ƙurar fanka, musamman bayan hunturu. Ka guji barin batir ya ƙare ƙaf har kwamfuta ta mutu da kanta. Ka kuma yi hattara da manhajojin da ke cewa za su tsayar da caji a kowace irin kwamfuta. Mafi yawansu ƙararrawa kawai suke bugawa don ka cire caja da hannunka. Batirin da ya kumbura kuwa, a daina cajinsa nan take a kai wa mai gyara, kada a huda shi ko a matsa shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Akwai sauyin da ke tafe. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 wadda za ta tilasta, daga Fabrairun 2027, a riƙa ƙera na'urorin hannu ta yadda mai su zai iya cire batir ya sa sabo. Tun da kwamfutocin da ke shigowa kasuwanninmu da yawa daga can suke fitowa, amfanin dokar zai iso mu, ko da bayan wasu shekaru ne. Kafin nan, mai shirin sayen kwamfuta ya ƙara tambaya ɗaya a kan na girman ma'ajiya da sauri: shin tana barin a tsayar da caji, kuma a kashi nawa? Amsar na iya zama bambanci tsakanin batirin da za a daɗe ana mora da wanda za a sake neman kuɗin sauya shi ba da jimawa ba.