Injuna masu loda kaya a jirgin sama

A tashar mota ta Matameye, ƴan dako ne suke loda kaya. Suna ɗora buhunan gero, da gyaɗa, da damman rake a kan manyan motoci masu zuwa Damagaram ko Kano. Aikin yana son ƙarfi, yana kuma son dabara. Jirgin sama ma yana ɗaukar kaya, amma lodinsa ya fi na mota wuya.

Me ya sa lodin jirgi yake da wuya?

Mai jaki ya san mangala. In gefe guda ya fi nauyi, kaya sai su karkace, su faɗi. Haka jirgin sama yake. In kaya suka yi yawa a baya, hancinsa sai ya ɗaga. In suka yi yawa a gaba, tashi sai ya yi masa wuya. In kuma ba a ɗaure su ba, suna iya gangarawa a sama, jirgin ya yi haɗari. Saboda haka ana auna kowane kaya, a san wurin da zai zauna, a ɗaure shi tamau.

Manyan jirage

A shekara ta 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano. Ƙanana ne, ba su ɗaukar kaya da yawa. Yau akwai jirgin dako mai suna Boeing 747, wanda yake ɗaukar fiye da tan 100. Wannan nauyin buhu 1000 ke nan na gero, kowane buhu kilo 100.

Ba a shigar da irin wannan kaya ɗaya-ɗaya. Ana tara su a manyan akwatuna na gorar ruwa, ko a kan faifan ƙarfe, a rufe da raga. Wani inji ya ɗaga akwatin har bakin ƙofar jirgi. A daɓen jirgin akwai ƙananan ƙafafu masu juyawa da lantarki. Ma'aikaci ya danna maɓalli, akwatin ya gangara zuwa mazauninsa, a kulle shi.

Mene ne robo?

Robo inji ne mai aiki da kansa. Yana da ido, wato kyamara. Yana da ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Yana da hannu na ƙarfe. Ido ya ga kaya, ƙwaƙwalwa ta lissafa girmansa da wurin da ya dace da shi, hannu ya ɗauka ya ajiye. A filin jirgin sama na Amsterdam, a ƙasar Holan, akwai irin waɗannan hannuwa masu shirya akwatunan matafiya. Suna hutar da ma'aikata daga ciwon baya.

Jirgi maras matuƙi

Akwai kuma ƙaramin jirgi wanda ba mutum a cikinsa. Da batir yake aiki. A shekara ta 2016 wani kamfanin Amurka mai suna Zipline ya fara kai jini asibitocin ƙasar Ruwanda da irin wannan jirgi. A 2019 ya fara aiki a Gana. A 2022 ya buɗe tasha a Pambeguwa, cikin jihar Kaduna ta Najeriya.

Ga yadda aikin yake. Likita ya aika da saƙo ta waya. Ma'aikaci ya sa jinin ko maganin a ɗan kwali, ya saka a cikin jirgin. Inji ya harba jirgin sama kamar kibiya daga baka. Jirgin ya bi hanyar da kwamfuta ta tsara masa. Da ya zo saman asibiti, sai ya buɗe cikinsa, ya saki kwalin. Kwalin ya sauko a hankali da ƴar lema. Jirgin ba ya sauka, juyawa yake yi ya koma gida. A can wata igiya take cafke shi ta ƙugiyar da ke wutsiyarsa.

A nan mutum ne yake lodi, amma jirgin da kansa yake sauke kaya. A 2023 kamfanin ya nuna wani sabon samfuri: jirgin ya tsaya a sama, ya zuro ɗan robo da igiya, robon ya ajiye kaya a ƙasa, a janye shi.

Amfaninsa da iyakarsa

Da damina zazzaɓin cizon sauro yana ƙarar da jinin yara. Mace mai haihuwa ma tana iya zubar da jini da yawa. A lokacin ne kuma ruwa yake ɓata hanyoyin ƙauye. Jirgi maras matuƙi ba ruwansa da taɓo. Yana gudun kusan kilomita 100 a awa guda, yana kai kaya nisan kilomita 80 ya komo. Tsakanin Damagaram da Matameye, in an miƙe ta sama, bai kai haka ba.

Amma yana da iyaka. Wanda ya fara aiki a Ruwanda bai ɗaukar ko kilo 2. Injunan suna da tsada, suna son lantarki, ƙura kuma tana ɓata su. Inda robo ya shiga, aikin ɗaukar kaya yana raguwa, sai a nemi masu gyara, da masu lissafi, da masu tsara hanya. Waɗannan ayyuka ba a samunsu sai da karatu.

Tambayoyi

1. Me zai faru in kaya suka yi yawa a bayan jirgi?
2. Faɗi gaɓoɓi uku na robo da aikin kowace.
3. Yaya jirgi maras matuƙi yake sauke kaya?
4. Tan 30 buhu nawa ne, in kowane buhu kilo 100 ne?