4.3 Iyakar Tsawon Sunan Kwamfuta a Dandalin Girgije da Tasirinta ga Sunayen Hausa

A wannan sashe za a duba ƙa'idojin da suka shafi tsawon sunan da ake raɗa wa kwamfutar haya a dandalin girgije, sannan a gwada su da sunayen ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan. Abin da ake nufi da kwamfutar haya shi ne kwamfutar da ba ta da gangar jiki ta kanta, manhaja ce ke kwaikwayon ta a cikin manyan na'urorin kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google. Kowace irin wannan kwamfuta sai ta sami suna kafin 'yan'uwanta su gane ta.

4.3.1 Asalin Ƙa'idojin

Ƙa'idar farko ta fito ne daga tsarin sunayen intanet wanda Paul Mockapetris ya tsara, aka wallafa a takarda mai lamba RFC 1035 a shekarar 1987. Tsarin ya ce kowace gaɓa ta suna, wato abin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo, kada ta wuce baƙaƙe 63, cikakken suna kuwa kada ya wuce 253 a rubuce. Dalili shi ne gurbin da aka keɓe don ƙidayar tsawon gaɓa ba ya iya ɗaukar adadin da ya haura 63.

Ƙa'ida ta biyu ta samo asali ne daga tsohon tsarin NetBIOS na shekarun 1980, wanda manhajar Windows ta gada. Wannan tsari gurbi 16 ya tanada, ya kuma riƙe na ƙarshe don nuna irin aikin da kwamfutar ke yi, saura 15 ke nan. Saboda haka a dandalin Azure na Microsoft sunan kwamfuta mai Windows ba ya wuce baƙaƙe 15, mai Linux kuma 64. Shi kuwa dandalin Google 63 ya amince da su.

4.3.2 Gwaji da Sunayen Yankin

A ɗauka cewa za a buɗe kwamfutoci biyu don adana bayanan marasa lafiya a Maƙarfi, a kira su makarfi-asibiti-01 da makarfi-asibiti-02. Kowane suna na da baƙaƙe 18. Dandalin Azure zai ƙi karɓar su in Windows za a ɗora. Inda kuma Windows ta datse sunan da kanta zuwa 15, dukkansu biyu za su koma makarfi-asibiti, lambar da ta bambanta su ta ɓace. Haka abin yake ga ikara-asibiti-01 da kudan-asibiti-01, masu baƙaƙe 16 kowanne, domin lambar ƙarshe ce za ta faɗi. Idan kwamfutoci biyu suka zama takwarorin juna a kafa ɗaya, saƙo na iya zuwa inda ba a aike shi ba, ko ɗayarsu ta kasa shiga kafar baki ɗaya.

4.3.3 Matsalar Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Bayan tsawo, akwai batun irin baƙaƙen da aka yarda da su, wato a zuwa z, da lambobi, da karan ɗori. Ke nan ɓ da ɗ da ƙ ba su da gurbi, haka ma alamar hamza da ke cikin kalmar ma'aikata. Dole Maƙarfi ta koma makarfi, Hunƙuyi hedkwatar Kudan ta koma hunkuyi. Wannan kan haifar da ruɗani a ma'ana, kamar tsakanin ƙafa da kafa, ko ɓari da bari. Tun shekarar 2003 akwai dabarar Punycode mai mayar da irin waɗannan baƙaƙe zuwa na Ingilishi, sai dai takan ƙara wa suna tsawo, domin tana sa xn-- a farkonsa.

Bisa ga bayanan da suka gabata, za a ga cewa mafita ita ce a tsara taƙaitattun sunaye tun kafin a buɗe kwamfutar farko, misali mkf-asb-01 da ikr-asb-01 da kdn-asb-01, masu baƙaƙe 10 kowanne. Sannan a ajiye jadawalin da ke fassara kowane taƙaitaccen suna da daidaitacciyar Hausa, don kada wanda ya gaji aikin ya rasa gane abin da aka nufa.