Gashin Ƙashi da Amfaninsa ga Jama'ar Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Idan mutum ya faɗo daga kan amalanke ko babur ya karye, tambayar da 'yan'uwa kan fara yi ita ce, "Ƙashin ya kama?" Da zarar maɗori ko likita ya ce ya kama, sai a yi hamdala, a ɗauka magana ta ƙare. Alhali kuwa saura rabin aiki, domin hannun da ya yi makonni a ɗaure yakan fito a rame, a sage, ba ya iya riƙe ƙotar fartanya. Wannan 'yar maƙala za ta yi bayani a kan fannin da ke kula da wannan sauran rabi, watau gashin ƙashi, tare da duba amfaninsa ga mutanen masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa.

Ma'anarsa da Asalinsa

Sunan da Hausawa suka laƙaba wa wannan fanni bai kama dukkan ma'anarsa ba. Wanda ya ji an ce gashin ƙashi sai ya zaci tsumma da ruwan zafi kawai ake nufi. Gaskiya ne ana gashi, ana tausa, har akan yi amfani da na'urorin lantarki, amma ginshiƙin aikin shi ne motsi: a koya wa tsoka da jijiya da gaɓa su koma aikinsu sannu a hankali, bisa ƙa'ida.

Tausa da gashi ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Tun fil azal akwai maɗora masu gyaran karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, akwai kuma ungozoma mai gasa jikin maijego. Amma fannin a tsarinsa na asibiti ya bunƙasa ne a Turai da Amurka, musamman saboda sojojin da suka raunata a yaƙe-yaƙen duniya biyu da yaran da shan-inna ya nakasa. Ya shigo Nijeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, sa'an nan Jami'ar Ibadan ta fara koyar da shi a matakin digiri a 1966. A Arewa, asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, shi ne ya yi fice, kuma a yau Jami'ar Bayero tana yaye ma'aikatan wannan fanni.

Bayan Karaya

Ƙasar Gumel ƙasa ce ta noma da kiwo. Daminarta gajera ce, ba ta cika wuce wata huɗu ba, kuma a cikinta ne ake neman geron shekara da wake da riɗi. Ga kuma kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ran Alhamis, inda 'yan dako da masu lodin shanu da 'yan acaɓa ke cin abinci da ƙarfin jikinsu. Saboda haka magidancin da ya karye da rani, idan damina ta faɗi bai iya sunkuyawa ba, ba hannu ko ƙafa kaɗai ya rasa ba, har da abincin gidansa na shekara guda.

Ƙashin baligi kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe. A tsawon wannan lokaci tsokar da ba ta aiki takan zube, gaɓar da ba ta motsi kuma takan sandare. Aikin likitan gashin ƙashi shi ne ya sa majinyaci ya riƙa motsa yatsu da sauran gaɓoɓin da ba a ɗaure ba tun ɗorin yana jiki, ya koya masa tafiya da sanduna, ya kuma nuna masa lokacin da zai fara taka ƙafar. Bayan an kwance ɗori sai a shiga miƙewa da lanƙwasawa, ana ƙara nauyi kaɗan kaɗan har ƙarfi ya dawo.

A nan wajibi ne a yi wani gargaɗi. Ba wanda zai musa cewa maɗora sun daɗe suna taimakon jama'a, musamman a ƙauyukan da ke nesa da asibiti. Amma ɗorin da aka tamke da karare ya wuce kima yana hana jini gudana. Idan aka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun daina ji, ko sun fara baƙi, ko azaba ta ƙi lafawa, to a sassauta ɗaurin a garzaya asibiti a ranar, domin jinkiri kan jawo a yanke hannu ko ƙafa. Haka nan karayar da ƙashi ya huda fata, da buguwar wuya ko gadon baya, na asibiti ne tun farko.

Shanyewar Ɓarin Jiki da Lalurar Yara

Sau da yawa idan ɓarin jikin dattijo ya shanye akan ce iska ce ta buge shi. Abin da ke faruwa kuwa shi ne jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne babban musabbabi. Mafi yawan sauƙin da ake samu yakan zo ne cikin wata 3 zuwa 6 na farko, don haka watannin da aka ɓata ana jira a ɗaki asara ce babba. Akan koya wa majinyaci zama, da tsayuwa, da taku, da cin abinci da hannunsa. Akan kuma koya wa masu jinya su riƙa juya shi kamar bayan kowace awa 2 don kada ya yi gyambon kwanciya, kuma kada su ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya shanye, don kafaɗar tana iya gocewa.

Yara ma suna da rabonsu. Ko da yake an tabbatar a 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna ta daji, waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, suna bukatar takalmin ƙarfe da sanduna. Akwai kuma yaron da doguwar naƙuda ko shawara mai tsanani ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya yi jinkirin zama da tafiya, da jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe, wanda ake miƙar masa da ita da filasta tun yana ɗan makonni. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Rigakafi

Ciwon baya na cikin manyan cututtukan da ke hana mutane aiki a duniya. Manomin da ya wuni a sunkuye, da matar da ke daka ko jan guga a rijiya mai zurfi, da ɗan dakon da ke saɓa buhun riɗi, duk sun san shi. Shawarar masana ita ce a durƙusa da gwiwa a ɗauki kaya kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu, a kuma riƙa miƙewa lokaci lokaci. Wanda bayansa ya riƙe kada ya kwanta kwana da kwanaki, domin tafiya a hankali ta fi kwanciya saurin kawo sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, abin da ya fi shafar ma'aikacin ofis da ɗan kasuwar da ke wuni a zaune.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa warkewa ba ta tsaya ga haɗuwar ƙashi ko sallama daga asibiti ba; sai ranar da mutum ya koma gonarsa ko kasuwarsa. Ya kamata mai jinya, kafin ya bar babban asibitin Gumel ko wani asibiti, ya tambayi likita inda za a ga mai gashin ƙashi, ko da sai an je Dutse ko Kano. Yawancin motsin da za a koya masa a gida zai ci gaba da yi, ba ya bukatar komai sai tabarma da bango da naciya. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.