Ko Ka Sani? Daftari Guda Na Kamfanin Lantarkin Malesiya

Ko ka san akwai manhajar kwamfuta da ke tara hisabin kamfani baki ɗaya, tun daga albashin leburan da ke hawa falwaya har zuwa bashin 'yan kwangila, cikin daftari guda? Masana suna kiranta ERP, kuma mafi shahara a cikin irinta ita ce ta kamfanin SAP na Jamus, wanda tsofaffin ma'aikatan IBM su biyar suka kafa a 1972.

Ga yadda take aiki. Idan mai tsaron sito ya fitar da taransfoma ɗaya, ya shigar da lambarta, to nan take adadin kayan sito zai ragu, akanta zai ga an ɗora kuɗinta a kan aikin da aka kai ta, sashen saye kuma zai sami ishara cewa kaya sun kusa ƙarewa, alhali babu masinja ko ɗaya da ya ɗauki fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Kowace shigarwa tana ɗauke da sunan mai yinta da sa'ar da ya yi ta, tamkar isnadin hadisi, har mai binciken kuɗi ya iya bin silsilar zuwa asalinta.

A unguwar Bangsar ta Kuala Lumpur akwai hedkwatar Tenaga Nasional, kamfanin lantarkin Malesiya, wanda asalinsa hukumar lantarki ce ta gwamnati. Bayan da Firayim Minista Mahathir Mohamad ya shelanta manufar sayar da kadarorin gwamnati a 1983, sai aka mayar da hukumar kamfani a 1990, aka shigar da hannun jarinsa kasuwa a 1992, amma gwamnati ta riƙe kaso mai tsoka, wanda daga baya asusunta na Khazanah Nasional ya zama jigonsa, tare da wani hannun jari na musamman da ke ba ta magana kan manyan naɗe-naɗe. Kamfanin ya ɗauki manhajar SAP.

A ganina a nan wahalar take, ba a cikin na'urar ba. Manhajar an gina ta ne bisa zaton shugabanci ɗaya da ƙa'ida ɗaya, shi kuwa irin wannan kamfani iyayen giji biyu gare shi: ɗan kasuwa na neman riba, hukuma na neman a kai wuta ƙauyen da ba zai taɓa mayar da kuɗin wayarsa ba, kuma ita ke ƙayyade farashi. Ga tsohuwar al'adar aikin gwamnati, inda takarda kan bi teburi bayan teburi kafin a sa hannu. Ko dai a rage teburan, masu su su ji an tauye musu martaba, ko a tanƙwara manhajar ta bi su, tsada ta ninka.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba, domin da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta na Nijeriya a 2013, har da KEDCO na Kano, gwamnati ta riƙe kashi 40 cikin ɗari.